Zuwa ga Auta, kan maganar baƙon soja da ranar tahiyarshi

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lahiya, ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan Sakkwato zafi ya fara leƙowa, da dare sai mun fito da tabarmi tsakar gida. Innarka na gaishe ka, ta ce yajin da ka roƙa ta daka, za ta ba direban da ka sani ranar Laraba, ka kunna wayarka kada ya yi ta nemanka a tasha.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka wanga dogon saƙo shi ne gardamar da kunka yi da Baffanka ranar sunan ɗiyar yayarka. Kai ka ce duk sojan da ke ƙasar da ba tashi ba ya naɗe tabarmarshi ya tahi yau yau ɗin nan, ka kawo Afganistan ka kawo Nijar, har kana buga hannu a ƙasa. Baffanka ya ce to in sun tahi wa zai tsare talaka. Ni na yi shiru, ba don ba ni da ta cewa ba, gaban baƙi ne kuma raina bai so yadda ka ɗaga mashi murya ba. Amma tun ranar abin na cina.

Ka sani ina bayanka a kan cewa su tahi. Sai dai ni ba a waya na gano haka ba, ni kaina na taɓa zama baƙon soja a ƙasar mutane, kuma akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, ko Innarka rabi ta sani.

Na sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a 1992 ina kofur, cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lahiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daidai lokacin da yaran madugun 'yan tawaye Charles Taylor sunka afka ma birnin a watan Oktoba. Wallahi Auta a kwanakin nan mata na kawo muna ruwa da ayaba, tsofaffi na ɗaga muna hannu, don sun san in ba mu ba za a yanka su kamar kaji. Sai wata ya bi wata, shekara ta zagayo, muna nan dai a shingen bincike. Akwai wani dattijo da ke wucewa ta wurinmu kowace safiya da baro cike da gawayi, jikanshi na biye da shi. Kullum sai na sa ya sauke buhunan ƙasa na soka musu ƙarfe, don an taɓa ɓoye harsashi cikin gawayi a wani shinge, kuma kullum zai sauke ya sake ɗorawa bai ce uffan ba. Rannan na kwana duti ban runtsa ba, ga labarin an kashe muna mutum biyu a daji, dattijon ya zo, na ce sauke, sai ya faɗi wata magana da yarensu wadda ban ji ba. Har yau ban san mi ya ce ba, ƙila ma bayanshi ya ce shina ciwo. Na ɗauke shi da mari. Sa'an babana hwa. Hularshi ta faɗi cikin gawayin, yaron ya duƙa ya ɗauko ya kakkaɓe ya miƙa mashi, sannan ya ɗago ya dube ni. Shekara talatin da wani abu ke nan, in na yi sujada wani lokaci idon yaron nan nake gani, kuma ban daina neman gafarar Allah a kai ba.

Ka san ubanka ba mugu ba ne. Tsoro ne da gajiya da rashin jin harshen mutane, kowa ka gani sai ka ɗauka maƙiyi ne. Ni shekara biyu kacal sunka mai da ni haka. To ka auna shekara 20.

Amurka ta shiga Afganistan a Oktoban 2001, sojanta na ƙarshe ya fita ranar 30 ga Agustan 2021. Yaron da anka haifa shekarar da sunka zo ya girma har ya isa aure bai taɓa ganin garinsu babu baƙon mai bindiga ba. Sun rasa sojoji fiye da 2,400, sun kashe kuɗi sama da dala tiriliyan 2, 'yan ƙasar da sunka mutu kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba. A 2015 jirginsu ya yi luguden wuta kan asibiti a Kunduz, mutum 42 sunka mutu, da majinyata da ma'aikata. Ana gobe za su gama fita jirgi maras matuƙi ya kashe mutum 10 'yan gida ɗaya a Kabul, 7 yara ne, daga baya su da kansu sunka ce kuskure ne. To kowane kuskure irin wanga akwai ƙane, akwai ɗan baffa, akwai yaro mai ɗaukar hula shina kallo. Shi ya sa nake cewa in baƙon soja ya daɗe, zamanshi kanshi ke zama icen da wutar ke ci. Gwamnatin da sunka kafa da sojan da sunka yi shekaru suna horarwa, da anka janye musu jirage da 'yan kwangila masu gyara, kwanaki kaɗan sunka watse, shugaban ƙasa Ashraf Ghani ya hau jirgi ranar 15 ga Agusta Taliban ta shiga Kabul. Kafin su Tarayyar Sobiyet ta gwada daga 1979 zuwa 1989, ita ma haka ta koma gida. Mu Sakkwatawa ba sai an yi muna bayani ba, Turawa sun ci garin nan a Giginya a 1903, sun bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, kuma har gobe in tsoho ya ambaci Attahiru sai ka ji muryarshi ta canza.

Har nan ni da kai bakinmu ɗaya. Inda munka rabu shi ne murnarka.

Na ga bidiyon da ka tura ma 'yan uwanka, wanda mutane ke gudu suna liƙe ma jirgin sojan Amurka a filin jirgin Kabul, ka sa alamar dariya a ƙasa. Auta, wasu daga cikinsu daga sama sunka faɗo. Ranar 26 ga Agusta bam ya tashi a ƙofar filin jirgin, sojan Amurka 13 da 'yan ƙasar kusan 170 sunka mutu, mutanen da ke tsaye cikin kwata riƙe da takardu da jarirai. Da yawansu ba manyan kowa ba ne, tafinta ne, direba ne, mai shara ne a bariki, wanda ya kama aiki don ciyar da ɗiyanshi.

Ni na san irinsu. A Saliyo, bayan 'yan tawayen RUF sun shigo Firitawun a Janairun 1999 suna datse hannuwan mutane, wani matashi ya liƙe muna, an kashe iyayenshi. Shi ke yi muna tafinta, shi ke sayo muna kifi, shi ke gaya muna wace unguwa ce ba a shiga bayan magariba, har Hausa ya fara tsinta, in ya gan ni sai ya ce "ina kwana Baba". Kowa a unguwar ya san yaronmu ne. Ranar da anka ce mu haɗa kaya a 2000 ya ɗauko mani jakata har bakin mota, ya tsaya da ledarshi a hannu, ya haɗa nashi kayan ke nan, shina zaton da shi za a tahi. Babu sunanshi a takarda. Na ba shi agogona da kuɗin da ke aljihuna, motar ta tashi. A watan Mayun shekarar RUF ta kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 500, gari ya sake rikicewa sai da Ingila ta turo nata. Ban sake jin ɗuriyarshi ba.

To ka ga tahiya ma akwai bashi a cikinta. Wanda ya shigo gidan mutane ya rushe katanga, ba daidai ba ne ya fice da dare kamar yadda Amurka ta bar sansanin Bagram a Afganistan. A sa rana, a zauna da masu ƙasa duka, ba kamar yarjejeniyar Doha ta 2020 ba da Amurka ta ƙulla da Taliban gwamnatin Kabul na waje, a kwashe waɗanda rayuwarsu ta shiga haɗari saboda kai, a biya diyyar waɗanda anka kashe bisa kuskure. Sannan a tahi, kuma kada a fake da waɗanga abubuwa a ƙara shekara goma.

Kuma ka daina magana kamar da fitar baƙo komai ya gyaru. An hana 'yan mata sakandare a Afganistan, a Disamban 2022 anka rufe musu jami'a. Yayarka a jami'ar Danfodiyo ta yi digiri, kai ka riƙe mata jaka ranar yaye su. Garin Nana Asma'u ne nan, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata tun ba a san Bature ba. Ba na cewa bindigar baƙo ce za ta buɗe musu makaranta, shekara 20 ta nuna abin da bindiga ta gina ba ya tsayuwa, amma abin baƙin ciki ne, ka kira shi da sunanshi.

Nijar kuwa a ƙofar gidanmu take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojan Faransa wajen 1,500 sun fita kafin ƙarshen shekara, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Haƙƙinsu ne su ce ma baƙo ya tahi. Amma ka tambayi mutanen Tillaberi ko kisa ya tsaya. Kuma ka tuna lokacin da ECOWAS ta yi barazanar tura soja, da an yi, mu ne za mu zama baƙon sojan, a Ƙonni inda dangin kakarka suke. Rufe iyakar Illela kawai ka ga yadda kasuwa ta mutu, motoci jere kaya na lalacewa. Na yi ta addu'a sadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya bi Janar Abdulsalami zuwa Yamai neman sulhu, don Mai Alfarma ma tsohon soja ne, ya yi Saliyo, ya san abin da ake shiga da sauƙi a kasa fita. Ko Lakurawan da sunka addabi Tangaza da Gudu, ai da sunan taimako kan ɓarayin shanu sunka fara shigowa, yau ga shi su ke karɓar zakka da bulala.

Maganar fom ɗin soja da ka ce za ka cika in ka gama, ban hana ka ba, kaki ya ciyar da ku. Amma in Allah ya kai ka ƙasar wasu, ka fara koyon gaisuwarsu da yadda ake cewa yi haƙuri kafin komai, kuma duk wanda ya yi maka hidima ka rubuta cikakken sunanshi da garinsu. Ni na yaron nan suna ɗaya na sani.

Baffanka kuma ka kira shi kafin Juma'a ka ba shi haƙuri. Ɗanshi na fari a bakin daga ya rasu, ka sani, in ya ce wa zai tsare talaka ba gardama yake nema ba. Ba sai ka canza ra'ayinka ba, muryar ce ba ta dace ba.

In ka zo hutun Sallah ka tuna mani in buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, akwai hoton da munka ɗauka a Firitawun, yaron na tsugune a gabana da hulata a kanshi. Ina son ka gan shi.

Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar jarabawa.

Babanka
Mabera, Sakkwato