Rawar nama ba ita ce cutar jijiyoyin motsi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana kan wani tsoro da wayar hannu ta shigo da shi cikin matasanmu a Sakkwato, musamman ɗalibai, kuma cikin ɗaliban ma ya fi kama masu karatun likita da jinya. Mutum yana zaune sai ya ga fatar idonsa ko naman sha-raɓarsa yana rawa. Da can iyayenmu cewa suke yi zai ga baƙo, a yi dariya a wuce. Yanzu sai ya tambayi Google, Google ya nuna masa cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke kira MND ko ALS. Daga wannan dare barci ya ƙaurace masa.

Cutar gaskiya ce, kuma mai tsanani ce. Likitan Faransa Charcot ya bayyana ta a 1869. Tana kashe ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa da laka waɗanda ke ba tsoka umarnin motsi, har yau kuma ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Yawancin masu ita suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 bayan ta bayyana, ko da yake masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano masa ita a 1963 yana ɗan shekara 21 ya kuma rayu har 2018. Amma ba ta da yawa. A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ƙirga ta da kyau, kusan mutum 2 take kamawa cikin 100,000 a shekara, akasarinsu sun haura shekara 50. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke gadonta.

Abin da mai tsoro ya fi buƙatar sani shi ne yadda take farawa. Da gazawa take farawa, a wuri ɗaya, ba tare da ciwo ba. Babban yatsa da manuniya su kasa ɓalle maɓallin riga ko murɗa makulli. Ɗan kabu-kabu ya matsa kuloci, hannun ya ƙi. Tafin ƙafa ɗaya ya riƙa faɗuwa, silifa tana suɓucewa, mutum yana tuntuɓe a kan tabarma. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zube, ya bar rami. Ga wasu kuma daga baki take farawa: magana ta yi nauyi har mutanen gida su lura, ruwa ya riƙa ƙware mutum. Kuma gaba take yi kullum. Abin da hannu ya kasa a watan jiya ba zai dawo ya iya shi yau ba, sannan ya sake kasawa jibi. Don haka wanda ke cewa “ina jin ƙafata ba ƙarfi” alhali yana hawa bene, yana tashi daga sujada ba dafa ƙasa, yana ɗaga buta cike da ruwa, kasala ce da shi ko gajiya, tsokarsa lafiya lau take. Sagewa, da jin kamar kiyashi na tafiya a fata, da zafin tafin ƙafa, su ma ba hanyarta ba ce, domin ba jijiyoyin ji take ci ba. Waɗannan sun fi nuni ga ciwon suga, ko ƙarancin bitamin B12, ko jijiyar da ta matse a wuya ko wuyan hannu, kuma duk ana maganinsu.

Rawar nama ita kaɗai kuwa, yawancin masu lafiya sun taɓa yin ta. A garin nan dalilanta suna bakin ƙofa. Goro yana ɗauke da kafeyin ɗin da ke cikin kofi, wanda ya ci goro uku ko huɗu a wuni, ya ɗora shayi mai kauri da Nescafé da daddare, ya kwana karatu, ba abin mamaki ba ne idan namansa ya yi ta rawa. Sai zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, gumi yana fitar da ruwa da gishirin jiki. Sai azumi idan ya haɗu da ƙarancin barci. Sai maganin asma na shaƙa irin Ventolin, da yawan aikin ƙwayar maƙogwaro, wato thyroid da ke gaban wuya, wanda ke sa rama da bugun zuciya da rashin jure zafi. A 1993 likitocin asibitin Mayo a Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 121 masu irin wannan rawa, waɗanda gwajinsu na farko ya fito lafiya. An bi wasunsu shekaru masu yawa, babu ko ɗaya da ya kamu da cutar.

Tsoron kansa yana haifar da alamun da ake tsoro, nan ne kuma abin ke ɗaurewa. Fargaba tana sa tsoka ta ɗaure, rawar ta ƙaru. Numfashi sama-sama da sauri yana rage iskar kabon a jini, sai leɓe da yatsu su sage. Maƙogwaro ya riƙe kamar an tokare shi da wani abu, mutum ya yi ta haɗiyar miyau don ya gwada, har wurin ya yi tsami. Sai gwajin kai: tafiya da diddige sau talatin a wuni, matsa hannun abokai, auna damtse da zaren tela. Tsokar da aka wahalar haka dole ta gaji ta yi rawa, shi kuma ya ce ga shaida. Babu ma mutumin da damtsensa biyu suke daidai, hannun da ake aiki da shi ya fi kauri. Mafi ɓatarwa shi ne duba harshe a madubi da fitilar waya. Duk wanda ya zaro harshensa waje ya riƙe shi, zai ga yana karkarwa. Likita yana duba harshe ne yana kwance cikin baki, a sake.

Abin yi shi ne a je asibiti a yi bincike ɗaya mai kyau, a Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba wajen mai kemis ba. A tafi da sunayen duk magungunan da ake sha, har na gargajiya, a kuma faɗi yawan goro da shayi ba ragi. A faɗa wa likita sunan cutar da ake tsoro ƙarara, domin da yawa suna ɓoyewa don kunya, sai a sallame su da maganin maleriya. Likita zai gwada ƙarfin kowace gaɓa ya ba ta maki daga 0 zuwa 5, ya buga gwiwa da idon sawu da ƙaramar guduma, ya karci tafin ƙafa ya ga inda babban yatsa ya nufa, ya duba ko nama ya zube, ya kalli tafiya. A jini akan duba suga, da gishirin jiki irin su fotashiyam da kalshiyam da maganiziyam, da aikin ƙoda da na ƙwayar maƙogwaro. Gwajin allura da ke auna lantarkin tsoka, EMG, likitan jijiyoyi ne ke yanke hukuncin ko ana buƙatarsa. Hoton ƙwaƙwalwa mai tsada ba ya tabbatar da wannan cuta, ana yin sa ne don a kawar da wasu, saboda haka wanda ya sayar da tumakinsa don ya yi shi da kansa asara kawai ya yi.

Idan an ce gwaji lafiya, aiki bai ƙare ba. Muna ganin kuskure ne ma'aikacin lafiya ya ce “ba ka da komai, je ka gida.” Yana da abu: tsoron ciwo, wanda idan ya kai wata shida yana hana mutum karatu ko sana'a, cuta ce da ake yi wa magani. Kwantar da hankalin da gwaji ke bayarwa kwana biyu yake yi, sai shakka ta dawo cewa ko likitan bai duba da kyau ba. Malamanmu sun san irin wannan a wajen mai waswasin alwala, kuma ba sa ce masa ya sake, cewa suke ya yi watsi da shakkar ya yi sallarsa, don sakewar ce abincin waswasin. Haka ake bi a nan. Mutum ya ƙirga sau nawa yake duba jikinsa na kwana uku, ya rubuta, sannan ya rage rabi kowane mako. Ya daina neman alamun ciwo a intanet gaba ɗaya, ya fita daga zaurukan Facebook da WhatsApp na masu irin wannan tsoro. Idan tunanin ya zo, ya ɗage shi zuwa wani lokaci da ya keɓe, minti 15 bayan la'asar misali. Kwanakin farko fargabar za ta ƙaru kafin ta sauka, a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma madubi. Lokacin da ta taso, a ja numfashi ta hanci daƙiƙa 4, a fitar a hankali daƙiƙa 6, na tsawon minti biyar.

Goro da shayi a rage su sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai. A sha ruwa sosai, a ci wake da gyaɗa da zogale da dabino. Kada a sayi ƙwayar fotashiyam ko maganiziyam ba tare da gwaji ba, tana iya illa ga mai ciwon ƙoda. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa ko asibitin tarayya da ke Kware, zuwa can ba ya nufin hauka. Ana yin zaman gyaran tunani da ɗabi'a, akan kuma haɗa da magani irin fluoxetine ko sertraline, wanda ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa kuma ba a daina shi farat ɗaya. Valium na kemis yana sa barci yau, gobe ya zama jaraba.

Iyaye da mata da miji, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku riƙa amsa “duba hannuna, ya rame?” sau goma a wuni. Ku amsa sau ɗaya: likita ya duba, mun gama wannan.

Akwai kuma raunin da ba a jira da shi ko awa ɗaya. Baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu nan take, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya fi kawo ta. Ƙafafu biyu su raunana cikin 'yan kwanaki, raunin yana hawa sama, yana iya kaiwa ga numfashi. Manomi ya yi feshin maganin ƙwari, ko an zuba ota-fiya-fiya a ɗaki an rufe, sai rawar nama da dalalar miyau da gumi da amai, wannan guba ce. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 kuma da ƙafarsa ta saki kwatsam, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin a gwada bayan-gidansa a tabbatar ba shan inna ba ce.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Sakkwato.