Rahoton Shekara ga Mambobi: Tsoffin Kawunan Jirgi da Sababbi a Kan Layin Gwaji

Mai girma shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa mambobi, bayan gaisuwa, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana wurin ma'aji, zai gabatar da nasa daban.

Babban taron bara ya ɗora wa kwamiti nauyin raba gardamar da ke cinye mana rabin kowane zama: a cikin ƙananan samfuran kan jirgin ƙasa masu aiki da lantarki da muke tarawa, tsakanin tsoho da sabo, wanne ya fi? Kowa da gwaninsa, kuma da fatar baki kowa ke kare nasa. Aka ce gani ya kori ji, a shimfiɗa layi a ɗora su. Wannan aikin ne ya ci mafi yawan lokacinmu.

Mun shimfiɗa babban layin gwaji a faɗin milimita 16.5, domin shi ya haɗa yawancin kayan da ke hannun mambobi, wato na ma'aunin HO da na OO (ma'auni shi ne yawan ƙanƙantar samfuri in an gwada shi da jirgin gaske). Sababbin shiga sun sha tambayar dalilin da ya sa kan jirgin Ingila ke fin na Jamus ƙiba alhali layi ɗaya suke hawa. Faɗin layin dogo na gaske, wanda aka fi amfani da shi a duniya, milimita 1,435 ne. In an raba shi da 87 za a sami 16.5, to HO, wanda ɗaya bisa 87 ne, ya zauna daidai. Shi kuwa OO, ma'aunin jiragen Ingila, ɗaya bisa 76 ne, kamata ya yi layinsa ya kai kusan milimita 18.8. A shekarun 1930 injinan lantarkin da ake da su sun yi wa jikin jiragen Ingila girma, don na gaskensu ma ƙanana ne, sai aka ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Saboda haka ba mu gwada kyan sura tsakanin ma'auni biyun ba. Masu layi mai ƙarfe uku na Hornby Dublo, tsoffin kayan kamfanin Meccano na Ingila, da masu kayan kamfanin Märklin na Jamus da ke shan wuta ta ƙusoshin tsakiyar layi, kowannensu an yi masa ɗan zagayensa. 'Yan uwanmu masu ma'aunin N mai layin faɗin milimita 9, da masu Z da Märklin ya fitar a 1972 a ma'aunin ɗaya bisa 220, sun koka cewa an bar su a baya. Kukansu yana kan hanya, kuma kwamiti ya ji.

Abin da muka duba a kowane kai shi ne yadda yake tashi daga tsaye, yawan taragan da zai ja ba tare da ƙafafunsa sun zame ba, zafin da yake ɗauka bayan doguwar tafiya, da kuma sauƙin buɗe shi a kan teburin gyara.

Gwajin da ya fi tara jama'a shi ne na ajin A4, wani rukunin kawunan jirgin Ingila masu aiki da tururi. Da shi Hornby Dublo ya fara a 1938, da samfurin kan jirgi mai suna Sir Nigel Gresley, a shekarar da ɗan uwansa na gaske, Mallard, ya kai gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli. Muka ajiye tsohon ƙirar ƙarfe kusa da sabon ƙira na wannan ajin. A ido babu haɗi. Sabon yana da bututai da sandunan riƙo da aka liƙa ɗaya bayan ɗaya, rubutun jikinsa sai da gilashin ƙara girma ake karanta wani, alhali na tsohon duk a cikin zubin ƙarfen aka fitar da su. Wajen tafiya a hankali ma sabon ne a gaba. Injinsa mai naɗin waya biyar ne, yawancin tsofaffin kuma uku gare su, shi ya sa suke tashi da fizga. Sababbi da dama suna da dunƙulen tagulla mai nauyi a kan sandar injin, wanda ke ci gaba da juyawa ya tsallakar da kan jirgin in ya taka wurin da layi ya yi datti. Amma da aka zo ja, nauyin ƙarfen tsohon ya yi masa rana, ya kwashi taragai bai ko girgiza ba.

Inda labari ya juya shi ne teburin gyara. Tsohon kai, ƙusa ɗaya ko biyu za ka kwance jikin ya ɗago, ga inji, ga burushin gawayi, ga giya, komai a fili. Waɗanda suka zo mana a mace, mafi yawansu busasshen giris ne ya ƙame su, ko burushi ya cinye, ko maganaɗisu ya yi sanyi. Maganaɗisu mai sanyi shi ke sa inji ya sha wuta da yawa, ya yi zafi, ya rasa ƙarfi, kuma da an sake cusa masa ƙarfi ko an canza shi sai kan jirgin ya farfaɗo. Sabon kai kuwa jikinsa maƙale yake da 'yan harsunan roba da ba a gani, kafin ka buɗe wata 'yar sanda ta karye. Injinsa rufaffe ne, ba a gyara shi, sai dai a sa wani, in an samu. Ana ƙera sababbin ne rukuni-rukuni, in rukunin ya ƙare kayan gyaransa kan ɓace daga kasuwa. Ra'ayin sakatare ne, ba na kwamiti duka ba, cewa nan gaba sababbin za su fi ba mu ciwon kai fiye da waɗanda suka haura shekara sittin.

Akwai cutar da ba ta san tsoho ko sabo ba, wato ruɓewar tutiya. In dalma ta gurɓata ƙarfen tun wurin zubi, sannu a hankali yakan kumbura, ya tsattsage, ya rugurguje, kuma ba shi da magani. Laima tana ƙara masa sauri. Mun ga haka a ƙafafun wasu tsofaffi, mun kuma gan shi a gindin wani kai da bai daɗe da fitowa ba. Duk wanda ya ga jikin roba ya fara tsagewa ba tare da faɗuwa ba, ya duba ƙarfen da ke ciki.

Wani abin da ya fito fili: leɓen ƙafafun tsofaffin yana da zurfi. A kan layi mai lamba 100, wanda tsayin ƙarfensa kashi ɗaya bisa goma na inci ne, suna tafiya lafiya. A kan siririn layi mai lamba 75 sai su riƙa dukan maƙalan layin suna tsalle. Don haka babban layinmu zai zauna a lamba 100, ko da masu son kamannin gaske za su ɗan ɓata rai.

Maganar DCC, wato tsarin sarrafa kawunan jirgi ta umarnin dijital, ta ɗauki zama fiye da ɗaya. Wannan tsarin, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka (NMRA) kuma ta mai da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, yana barin wuta a kan layi koyaushe, dikoda, wata 'yar na'ura da ke cikin kowane kai, ita ce ke karɓar umarni. Amfaninsa a bayyane yake: kawuna da yawa a layi ɗaya, kowanne da gudunsa, ga fitila, ga ƙara. Matsalar tsofaffin ita ce a yawancinsu ɓangare ɗaya na injin haɗe yake da gindin ƙarfe, dole a raba su kafin a sa dikoda, wani lokaci har da huda ko yanka. Kuma tsohon kai marar dikoda, in an bar shi tsaye a kan irin wannan layin, zai yi ta kuka yana zafi har ya ƙone. Kwamiti ya yanke cewa kayan da suke mallakar ƙungiya ba za a yi musu aikin da ba ya komawa ba. Kayan mutum nasa ne, shawara kawai za mu ba shi, tare da tuna masa cewa kai mai fentinsa na asali da kwalinsa ya fi daraja a wurin masu tarawa.

Rajistar kaya ta yi nisa. Muna rubuta kamfani, lambar kundin kaya, ma'auni, irin wutar da kai ke sha da duk gyaran da aka taɓa yi masa. Wasu mambobi har yanzu ba su miƙo nasu ba, sun san kansu. Darussan goge ƙafafu da ɗiga mai sun gudana, kuma matasanmu sun fi kowa halarta.

Abubuwan da kwamiti ke neman amincewarku a wannan taron su ne shimfiɗa layin gwaji na N, da buɗe akwatin kayan gyara na bai ɗaya. Muna roƙon duk mai mataccen kai da ya fid da rai da shi, tsoho ko sabo, kada ya zubar, ya kawo wa jami'in kula da kaya a ciro inji, giya, ƙafafu da ƙugiyoyi, a rubuta sunan samfurin a jikin kowace leda.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti