Amsa Ga Mai Tambayar Wa Ke Biyan Mu

Yallaɓai, bayan gaisuwa.

A shirin rediyo ka tambaya a bainar jama'a: me ya haɗa ma'aikatan laburare da 'yan jarida, kuma wa ke biyan mu muna koya wa mutane neman takardun gwamnati? Ka ƙara da cewa aikinmu jera littattafai ne da hana surutu. Wannan ba zan tsaya a kansa ba.

Maganar biya ita ta sosa mini rai, domin ka san nauyinta a garin nan. Idan mutum irinka ya ce an sayi wani, ko gaisuwar da ake yi masa a masallaci sai ta canza. Babu wanda ya ba mu ko sisi, kuma idan kana da shaida ka kawo ta a gidan rediyon da ka yi zargin.

Abin da muke karanta wa mutane dokar ƙasa ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta kwashe fiye da shekara goma tana jan ƙafa a majalisa, Obasanjo ya ƙi sa mata hannu a 2007, sai ranar 28 ga Mayu, 2011 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa buƙatar mai neman bayani. Mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma idan an hana shi, kotu a buɗe take. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Ɗan jaridar ƙaramar kafa ba shi da lauya, ba shi da rumbun tsofaffin takardu. Idan ya zo, sai mu nemo masa kasafin kuɗin bara da rahoton mai binciken kuɗi, mu nuna masa yadda ake rubuta takardar nema. Mai goyon bayan gwamnati ma in ya zo, haka za mu yi masa.

A Amurka, a 2005, ma'aikatan laburare huɗu a jihar Connecticut sun ƙi miƙa wa hukumar binciken manyan laifuka ta FBI bayanan masu karatu, duk da an hana su ko ambaton buƙatar. Kotu suka je, a 2006 gwamnati ta janye. A wurin 'yan sana'armu mutunci suka samu.

Yallaɓai, ka riƙe muƙami, ka san inda takardun kwangila suke kwana, shi ya sa na kasa ɗaukar tambayarka a matsayin neman sani. Rufin ɗakunan karatunmu na yoyo, jaridun kullum sun daina zuwa, ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja da aka ba da kwangilarsa tun 2006 ya kwashe shekaru yana jiran a kammala shi. Duk tsawon wannan lokaci ban ji muryarka a rediyo kana tambayar ina kuɗin suka shiga ba.

Wassalam.
Wata ma'aikaciyar laburare