Sanarwa: Zaman Asabar Kan Batun Ƴan Sandan Jiha

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na wannan zaure. Da fatan an wuni lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar za mu zauna a firamaren unguwa. Magana ɗaya ce: takardar da za mu aika wa ɗan majalisarmu kan ƴan sandan jiha. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, shi ake son gyarawa.

Mu nan Katsina mun ɗanɗana makamancin wannan tsari tun 2023, da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma, Zamfara ma ta fito da Askarawa a 2024. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in mai bindigar gwamnati ya zalunce ka, wa za ka kai wa ƙara? Makon jiya a wani shinge na ga an sauke wa wani dattijo buhunan gero a rana, sai da ya kwance bakin aljihu.

Kowa ya zo da abin da ya gani da idonsa, a rubuce, ban da ji-ta-ji-ta. Direbobin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ku muka fi buƙata, tunda ɓarayin daji ba su san iyaka ba. Iyayenmu mata, an ware muku kujeru.

Gudummawa naira 500 ce, a ba ma'aji kafin Juma'a. Don Allah a daina turo hotunan gawarwaki nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya.
Naku, Sakatare