Wutsiyar jirginmu ta ɗaga, Lawal

Argungu, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum, Injiniya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Na san ka riga ka tanadi ƙorafin cewa na yi shiru tun bikin Sa'adu. Ajiye shi, kai ma lambata ba ta goge a wayarka ba. Bakatsine dai ba ya rasa laifin da zai ɗora wa Bakabe. Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ka, dariya za ka yi ta yi har katina ya ƙare ban faɗi abin da ke bakina ba.

Wutsiya ta ɗaga, Lawal. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka ja jirgin saman da muke ginawa zuwa busasshen filin nan na bayan gonar Alhaji Ƙarami. Nura, ƙanin uwargida, ya shiga ya zauna, na juya farfela da hannu, inji ya kama. Ya gudu da shi a ƙasa, ya ƙara totur, ya tura sanda gaba, sai ga tayar baya ta rabu da ƙasa, jirgi ya miƙe a kan tayoyinsa biyu na gaba yana ta tafiya. Bai tashi ba, dama ba mu nufi ya tashi ba. Amma yaran da suka biyo mu sun yi ihun da sai da masu ban ruwa a fadama suka bar injinansu suka taho. Baba Ɗantani, wanda tun ranar da muka fara yake tsayawa a ƙofar gareji yana cewa "mi za ku yi da wanga akwati", ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ce uffan ba har muka kashe inji.

Gari ya ɗauka mun gama. Ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Bari in tuna maka abin da muka gina, don na san ka manta duk da kai ka turo mana zanen. Volksplane ne, wanda wani Ba'amurke mai suna Evans ya fitar a 1968: mutum ɗaya yake ɗauka, gangar jikinsa akwatin fulawud, fiffike daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 24, inji kuma na Bosuwaja Bitil mai silinda huɗu wanda iska ke sanyayawa, ba lagireto ba ruwa. Injin a Jega muka same shi, a bayan shagon wani tsohon bakanike, kaji na kwana a kansa. Muka kwance shi kaf, muka sake fistin da zobe da bawul, muka kai karanshaf aka duba ko akwai tsaga. Yanzu in ka ji ƙararsa sai ka rantse jiya ya fito daga kamfaninsu na Legas.

Farfela ce abin da nake alfahari da shi. Malam Isa kafinta ya yanka falankin maɗaci sirara, muka haɗa su da gam mai haɗi biyu, muka matse da ƙarafa muka bar su suka bushe, sannan ya zauna da ƙoto da zarto yana fiƙewa yana gwadawa da ma'aunin kwali da na yanka masa na kowane tsayi. Da ya gama muka sa sandar ƙarfe a tsakiyarta muka ɗora a kan bakin wuƙaƙe biyu. Kullum ɓangare ɗaya ke sunkuyawa. Ya goge da sanfefa, mu ɗora, ya sake gogewa, har ta kai in ka tsayar da ita ko ta wane gefe sai ta tsaya cak. A ƙarshe bambancin da ya rage da shafin fenti ɗaya muka cike shi. Malam Isa ya ce shekarunsa yana yin gado da ƙofa ba a taɓa sa shi auna nauyin fenti ba. Fiffiken ma mun gwada shi: muka kifa shi a kan jakuna, muka jera masa ƙananan buhunan yashi daga gindi zuwa baki, muna kasa kunne ko za mu ji ƙara. Ya lanƙwasa kaɗan, muka sauke, ya koma daidai.

To ga matsalar. Wutsiyar nan ba ta ɗaga ba sai da Nura ya tura sanda har ƙarshe, sai kuma da gudu ya yi yawa. Washegari na aro sikeli uku wajen masu sayen shanshera, muka ɗora kowace taya a kan ɗaya, muka tallafe wutsiya har jirgin ya daidaita kamar yana sama, na saki igiya mai dalma daga gaban fiffike na yi alama a ƙasa da alli, na auna, na yi lissafi. Kai ka koya mini cewa tsakiyar nauyi ya kamata ta faɗa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga gaba. Tamu ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ta koma baya. Kuma a zane jirgin ba kowa a ciki kilo 200 ne ko kusa da haka, namu ya zarce sosai.

Dalilin a fili yake. Mai zanen da katakon ƙasarsu ya yi lissafi, mai sauƙin nauyi ga ƙarfi, wanda ba ka samunsa a kasuwar katako ko ta Birnin Kebbi ko ta Sakkwato. Abin da ke hannunmu ko dai mai ƙarfi ne mai nauyi, ko mara nauyi mai karyewa. Fulawud ɗin kasuwa ma ya fi na jirgi kauri. Nauyin da ya ƙaru a tsakiya da sauƙi, na wutsiya shi ne masifa, don tana da nisa, kilo ɗaya a can sai an sa masa kilo da yawa a hanci kafin su yi kunnen doki. Jirgi mai nauyin baya kuwa ka fi ni sanin halinsa: yana barin ƙasa zai ɗaga hanci, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, kuma matuƙi ba shi da sauran sandar da zai tura don ya sunkuyar da shi. A ƙafa talatin ma wannan ya isa a yi jana'iza.

Nura cewa ya yi a ɗaure dalma a hanci a huta. Na ce jirgin da ya riga ya yi ƙiba za ka ƙara wa kaya? Abin da nake tunani shi ne in matsar da batir gaba can jikin bangon inji, in tsawaita ƙarafan da ke riƙe da injin da 'yan inci kaɗan, in kuma sake wutsiya gaba ɗaya da firam mai sirara a lulluɓe da yadi a ɗame shi da dutsen guga. Sai dai tsawaita hanci yana da nasa sharrin, ƙarafan za su ƙara ɗaukar wahala, kuma bututun da muke da shi ba irin wanda ake yi wa jirgi ba ne. Na haɗo maka takardar awon a cikin ambulan ɗin nan. Ka zauna da ita da biro, ba a tsaye kana shan shayi ba.

Af, kafin in manta, Sa'adu an samu ƙaruwa, namiji, an sa masa sunan mahaifinsu. Ya ce in gaya maka ragon da ka yi alkawari bai iso ba, ko jirgin ruwa ya biyo. Habu kuma ya bar koyarwa ya koma noman rani gaba ɗaya, ya haƙa rijiyoyin burtsatse a fadama, ya sayi famfo mai aiki da hasken rana don kuɗin fetur ya ishe shi. Shi ne ma ya fi kowa matsa mana. Jan-baki sun yi masa ɓarna bara, yana ganin in jirginmu ya tashi shi ke nan ya samu mai korar tsuntsu. Na ce masa jiragen da gwamnati ke ɗauko haya su yi feshi an gina su ne don ɗaukar tankin magani, namu ko Nura da ƙyar yake ɗauka, kuma sai in bai ci tuwo da yawa ba. Ya ce a rage Nura.

Sai zafi. A mota injin Bitil yana da fankarsa da murfin kwano da ke tura iska kan silinda. A jirgi an cire wannan duka, iskar farfela da ta gudu ake dogaro da su, a ƙasa kuwa gudun bai kai ba. Ba a daɗe ana gwaji sai ka ji warin baƙin mai, silindun baya biyu su yi zafin da yawu ke tsalle a kansu. Na lanƙwasa kwanon alminiyom na yi musu kunnuwa masu kamo iska su tura ta ƙasa ta cikin haƙarƙarin silinda, na gyara tazarar bawul zuwa 0.15 na milimita da sanyin safiya, na buɗe kafireto ya ƙara sha kaɗan. An samu sauƙi, amma da hannu da hanci nake aunawa, wannan kuwa ba awo ba ne. Ina son agogon zafin kan silinda, irin mai zoben da ake sawa ƙarƙashin fulogi. In akwai wanda aka cire a wurinku yana aiki, ka san inda nake.

Kuma ka san bazararmu. In zafi ya haura digiri 40 iska takan yi sirara. Lissafin littafi a kan digiri 15 aka yi shi, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Ka ga da azahar a watan Afrilu filin Alhaji Ƙarami ya ƙaru da sama da ƙafa 3,000 ke nan yana nan inda yake. Inji ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, farfela ta rasa abin kamawa, fiffike ma haka. Injin da dama dokinsa bai wuce hamsin da 'yan kai ba. Shi ya sa ba ma fita sai da asuba, mutane kuma suna cewa asiri ne.

Duk wannan ƙarfe ne da katako, za su gyaru. Nura ne ban san yadda zan yi da shi ba. Tun ranar Asabar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. 'Yan unguwa sun fara kiransa Kyaftin, wani ya ɗauki hoton gwajin ya sa a Facebook, ana ta kwatanta shi da Mubarak na Kano, ɗalibin nan na Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007. Na ce masa shi ma Mubarak ɗin ƙafa bakwai ya tsaya, kuma hankali ne ya tsayar da shi. Yaron nan bai taɓa zama a jirgi yana sama ba, ko na alhazai. Abin da ya sani na tuƙi a waya ya koya. Ya ce ai su Wright ma, 'yan'uwan nan da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, masu gyaran keke ne, ba wanda ya koya musu. Na ce kafin su tashi na daƙiƙa 12 ɗin nan a 1903 sun yi shekaru suna shawagi da jirgi mara inji a kan yashi, suna faɗuwa suna gyarawa. Ya yi shiru, irin shirun da ka san maganar ba ta shiga ba. Yanzu farfela a ɗakina take kwana, ƙarƙashin gado. Yayarsa, wato uwargida, ta ce in wani abu ya same shi kada in dawo gidan, kuma ba da wasa ta faɗa ba.

Ga kuma wutar injin, layi ɗaya ce ta mota, fulogi ɗaya a kowace silinda. Jiragenku biyu-biyu ne don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Namu waya ɗaya ta tsinke, sai salati.

A nan nake son ka shigo. Ka taɓa ba ni labarin tsofaffin da suka yi aikin Air Beetle a Kaduna, jiragen koyon tuƙi guda 60 da aka haɗa wa sojan sama daga samfurin RV-6A, wanda shi ma asalinsa jirgin haɗawa a gida ne. Cikinsu ko cikin mutanenka na makarantar jiragen sama ta Zariya, babu wanda ya yi ritaya da zai yarda ya zo ya duba mana aikin nan da idonsa? Kuɗin mota da masauki a wuyana, kifi kuwa sai ya ture. In ya ce a kwance, za mu kwance. In ya ce a kai shi gidan tarihi na Kanta yara su riƙa kallo, zan ji ciwo amma zan kai. Nura zai fi jin maganar mai furfura da ya taɓa tashi sama a kan tawa.

Batun hukuma ma yana nan. Ko ƙaramin jirgi mara matuƙi tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle mai ɗauke da mutum. Maƙwabtanmu Zamfara kuwa a watan Maris na 2021 aka hana shawagin jirage a samaniyarsu saboda 'yan bindiga. A irin wannan lokaci abu ya bayyana a sama ba lamba ba sanarwa, ka san abin da zai iya biyo baya. Jami'an tsaro sun zo gareji sun duba, muka nuna musu zane da komai, suka yi mana nasiha cikin mutunci suka tafi, ɗayansu har da ɗaukar hoto a kujerar matuƙi. Ka bincika mana ta inda ake fara neman rajista, da ko akwai tanadin da aka yi wa jirgin da mutum ya gina da hannunsa.

Ruwan Matan Fada ya ja baya sosai bana, amma kifi na nan. Uwargida ta sa an banda maka giwan ruwa, za a ba direban da ke zuwa Onica ya miƙa wa ƙaninka. Ka ci a hankali, Bakatsine da ƙaya sai addu'a. Hajiya Binta kuma a gaya mata shinkafar da ta ce a ajiye mata tana nan, amma farashin ba na bara ba ne.

Agogon zafin nan, in ka samu, ka haɗo da wayar ɗaure noti ko da rabin ƙulli ne, da ƙananan fil masu tsaga. A gaida su Abba da Ummi, a ce Kawu Bello yana tambayar sakamakon jarrabawa.

Naka,
Bello