Sanarwa: Gudummawar Asibiti ta Bana

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gudummawarmu ta bana sashen haɗurra da ɗakin jarirai za ta tafi.

Jini ne kan gaba. Mai shekara 18 zuwa 65, nauyinsa kilo 50 ko fiye, zai iya ba da leda ɗaya, mililita 450. A ci abinci kafin a zo. Kada mu taho rana ɗaya, domin jinin kan lalace bayan kwana 35 ko yana firji. Za mu kasu kashi-kashi.

Bakwaini kuwa sanyi ke kayar da su. A kawo huluna, safa da wankakkun zannuwan auduga. Kuɗin da aka tara na batir da sola ne, saboda na'urar oksijin tsayawa take da zarar an ɗauke wuta. Madarar gwangwani dai a bar ta, nonon uwa ake ba su.