Zuwa Ga Baba, Game Da Makomar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya tare da Inna da sauran mutanen gida, ni ma lafiyata ƙalau, in ban da sanyi da aikin dare, waɗanda ba su isa a tsaya a kansu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da ya iso mini cewa Auta ya daina zuwa wurin koyon aikin lantarki, wai har yanzu bai gano abin da ya dace ya yi da rayuwarsa ba, kuma wai wani dillali ya yi masa alkawarin fitar da shi waje. An ce Kawu ma yana matsa masa ya nemi jami'a ko ta halin ƙaƙa, domin a ce gidanmu ya fitar da lauya. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Kuɗin da na aiko ta hannun Yaya na makarantarsa ne da kayan aikinsa. Ina roƙonku kada ko sisi ya kai hannun mutumin nan.

Kun fi kowa sanin yaron nan. Tun yana ƙarami shi ne mai kwance rediyo ya mayar da ita daidai, kuma in ya zauna gaban waya da filaya sai an yi ta kiransa kafin ya ɗago kai. Aikin da mutum yake yi ba tare da an tura shi ba, kuma jama'a suke neman sa saboda shi, a ganina ya riga ya nuna masa hanyarsa. Zaman jira a ɗaki ba zai nuna masa wata ba. Kawu babba ne, ba zan ja da shi ba, amma wanda zai kwana da littattafan shari'a shekara da shekaru shi ya kamata a fara tambaya.

A nan Jamus mai koyon aikin lantarki yana yin shekara uku da rabi, yana raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani, ana biyansa duk wata, kuma babu mai raina shi don bai shiga jami'a ba. Tun 2020 dokarsu ta buɗe ƙofa ga masu sana'ar hannu daga ƙasashen waje, a 2024 kuma suka ƙara wata biza ta neman aiki, wadda take buƙatar digiri ko shaidar koyon sana'a na aƙalla shekara 2 da hukumar ƙasar mutum ta amince da ita. Ke nan takardar shaidar sana'ar da Auta yake shirin jefarwa ita ce farkon abin da za a tambaye shi a ofishin jakadanci. Dillali ba zai gaya masa wannan ba.

Ni kaina ba da burin aikin jinya na taso ba. Sai da na shiga, na ci jarrabawar Jamusanci matakin B2, na yi shekara 3 ina koyo, sannan zuciyata ta zauna a kai, kuma alhamdu lillahi yau ni ake danƙa wa sababbin ɗalibai. Sai dai duk ranar da na tallafi tsohuwar wasu ta miƙe, nakan tuna Inna da ciwon gwiwarta, ga shi ba na kusa. Ku yafe mini wannan.

Don Allah ku zaunar da shi ku biyu kawai, ba a gaban Kawu ba, ku tambaye shi ko aikin ne ya fita ransa ko kuwa maigidan da yake koya masa. In maigidan ne, a canza masa wuri, zan ɗauki nauyi. In aikin ne, ya faɗi wanda yake so da bakinsa, ya kuma faɗi inda ake koyonsa.

Ina sake tunatarwa, Yaya ya kai kuɗin makarantar da hannunsa, ya karɓo rasit ya ɗauko mini hotonsa. Ba zan aiko da na wata mai zuwa ba sai na gani. A gaya wa Auta zan kira shi ranar hutuna, kada ya ƙi ɗagawa.

A gaishe mini da Inna, a ce ta ci gaba da shan maganinta. Ina neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.